Ƙofar kabad mai gilashi: Yadda ake haɗa ta a gida ta jure damina da hunturu

A gidaje da dama ƙorafi ɗaya ne ke ta maimaituwa game da kabad ɗin kicin mai ƙofar gilashi. Za a kafa shi da damina yana ɗaukar ido, ƙofofinsa na rufuwa lif. Hunturu na kamawa sai wannan ta karkace, waccan ta buɗe baki a kusurwa, gilashin ya riƙa kaɗawa duk lokacin da aka taɓa mariƙin.

Idan kuma da rani aka yi aikin, ruwan Agusta na kankama sai ƙofar ta kumbura ta ƙi rufuwa, wani lokaci ma a wayi gari a tarar gilashin ya tsage alhali babu wanda ya taɓa shi.

Galibi yara ko 'yar aiki ake ɗora wa laifin. Amma a mafi yawan lokuta matsalar ta samo asali ne tun ranar da aka haɗa ƙofar. Katako abu ne mai motsi, yana kumbura yana tsukewa gwargwadon laimar da ke cikin iska, shi kuwa gilashi ba ruwansa da laima. Duk wanda zai haɗa su wuri guda, ko kafinta ne ko magidancin da ke son yi da hannunsa, aikinsa shi ne ya sa katakon ya riƙe gilashin ba tare da ya matse shi ba.

A wannan lokaci da kayan aiki suka yi tsada, sanin hakan na iya rage wa mai gida kashe kuɗi. Sau da yawa jikin kabad ɗin lafiyarsa lau, ƙofofin ne kawai suka gaji, kuma sauya su kaɗai ya isa ya mayar da kicin sabo.

Daga jere zuwa kabad ɗin bango

Son a ga kaya a jere ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin ƙore da tasoshi, zuwa na langa da fanteka da kwanukan samira, jeren ɗakin amarya abin kallo ne da ke nuna ƙoƙarin iyayenta. Da tangaran da kofunan gilashi suka shigo, sai kwaba da shogilas suka karɓi aikin, domin suna nuna kayan kuma suna kare su daga ƙura.

Shi kuwa kicin na zamani da ake haɗe kabad-kabad a jikin bango, masana tarihin gine-gine na danganta tushensa da wanda Margarete Schütte-Lihotzky 'yar ƙasar Ostiriya ta tsara a 1926 domin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, inda aka kafa kusan 10,000 irinsa.

Gilashin da ake sawa a ƙofofin ma yana da nasa tarihin. A 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, ya kwanta a kai ya fito sumul da kauri bai ɗaya. Kusan duk gilashin taga da na kabad da ake sayarwa a yau ta wannan hanya ake yin sa.

Ƙofar kabad mai gilashi ta haɗa abubuwan biyu ke nan, tsarin kicin na waje da kuma al'adar jere ta gida. Sai dai yanayin da aka kawo ta ya sha bamban da na inda aka tsara ta.

Me ya sa katako ke motsi?

Katako ko ya shekara goma da sarewa bai daina shan laima daga iska da kuma fitar da ita ba. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, ruwan da ke jikin katako kan tsaya a wajen kashi 16. Idan ta sauko zuwa kashi 20, sai ya koma kashi 4 zuwa 5.

A garuruwa irin su Kano, Katsina da Sakkwato, duka matakan biyu ana kusantar su a cikin shekara guda: watan Agusta iska jiƙe take, a Janairu da Fabrairu kuma bushewarta har leɓe take fasawa. Ke nan katakon da ke kicin a Arewa na shan sauyin da ya fi wanda ke Legas ko Fatakwal, inda laima ba ta cika yin ƙasa sosai ba.

Abin lura shi ne katako ba ya motsi ta tsawonsa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta faɗinsa yake kumbura ya tsuke. Ƙiyasin da masu aikin katako ke amfani da shi shi ne, duk sauyin kashi 4 na ruwan jikinsa na iya sauya faɗinsa da kusan kashi 1 cikin 100, kodayake wasu itatuwan ba su kai haka ba.

Idan aka yi lissafi, falankin da faɗinsa ya kai santimita 40 zai iya tsukewa da kusan santimita guda tsakanin damina da hunturu. Wannan ne dalilin da ya sa tun da can ba a yin ƙofa mai kyau da faffaɗan katako guda. Ana yin firam ne da siraran katako huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, a bar tsakiya ga allo ko gilashi. Siririn katako mai faɗin milimita 60 motsinsa ba ya wuce milimita 1 zuwa 1.5. Ƙanƙani ne, amma idan an cusa gilashin babu sarari ko kaɗan, ya isa ya matse shi har ya tsage.

Zaɓen katako

Mafi yawan katakon da ake sayarwa a manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, Fanteka a Kaduna, Dei-Dei a Abuja da Kasuwar Katako ta Jos, daga dazuzzukan kudu da na tsakiyar ƙasar nan ake kawo shi, kuma sau da yawa yakan iso bai gama bushewa ba. Wanda ya saya yau ya yanka gobe, a jikin ƙofarsa katakon zai ƙarasa bushewa, a nan ne kuma karkacewa ke farawa.

Maganin shi ne haƙuri. A jera falankan a inuwa inda iska ke ratsawa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane biyu, a ɗora abu mai nauyi a sama. Kada a shanya su a rana, domin bayan zai bushe ya tsattsage alhali cikin na jiƙe.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko ya bushe. A yanko ɗan guntu a riƙa auna shi a sikelin kicin duk bayan kwana uku ko huɗu ana rubutawa. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya daidaita da iskar wurin. Zai fi kyau ya yi makonsa na ƙarshe a cikin gidan da za a kafa ƙofar.

Ta fuskar iri kuwa, loko, wanda 'yan kasuwa suka fi kira iroko, na da ƙarfi, ba ya yawan motsi, kuma gara ba ta cika cin zuciyarsa ba. Madaci da danginsa da ake kira mahogani na da kyawun launi da daɗin aiki. Malaina, wadda asalinta daga Asiya aka kawo ta, tana da sauƙin kuɗi kuma tana zama lafiya idan ta bushe, sai dai tana da jinkirin bushewa. Obeche ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin yanka, amma yana da taushi, ba ya riƙe sukuru sosai, ƙwari kuma na son sa.

Madobiya kyakkyawan katako ne, amma saran da aka yi mata domin fitarwa waje ya kai ga a 2016 taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ya sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu. Ƙofar kicin ba ta buƙatar ta.

Kowane iri aka zaɓa, a ɗaga falankin a hango shi ta tsawonsa kamar mai saita bindiga. Wanda ya lanƙwashe ko ya murɗe a bar shi. A nemi mai miƙaƙƙen zane, marar ƙulli, a kuma guji farin ɓangaren da ke gefe kusa da ɓawo, domin shi ne abincin ƙwari.

Wasu kan zaɓi allon MDF, wanda ake sayarwa a faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Ana yanka shi daidai girman ƙofa a fafe tsakiyar, ba sai an haɗa kusurwa ba, kuma ba ya karkacewa da sauyin yanayi kamar katako. Rauninsa shi ne ruwa: da zarar ya shiga ta gefen da ba a rufe da fenti ba sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Bai dace da kusa da wurin wanke-wanke ba.

Awo kafin yanka

Kuskuren awo ba ya gyaruwa da zarto, saboda haka a fara da takarda da biro. Zai fi sauƙi a yi aiki da milimita, domin lissafin rabin inci da kwata yakan rikita ko da gwani.

Misali, kabad ɗin bango mai faɗin milimita 800 da tsayin 720, wanda za a yi wa ƙofa biyu masu rufe gabansa gaba ɗaya. Ana barin sarari na kimanin milimita 3 tsakanin ƙofofin biyu, da 1.5 a kowane gefe. Ke nan 800 a cire 6, saura 794, a raba biyu: kowace ƙofa faɗinta 397. Tsayin kuma a rage 4, ya zama 716.

Katakon firam ɗin ya kasance mai kaurin milimita 20 da faɗin 60. Na tsaye guda biyu tsawonsu 716. Na kwance kuwa sai a cire faɗin na tsaye biyu, wato 120, daga 397, ya rage 277, sannan a ƙara tsawon harshen da zai shiga rami idan irin wannan haɗin za a yi.

Faɗin milimita 60 ba don ado kawai ba ne. Hinjin zamani na ɓoye na buƙatar a fafe masa rami mai faɗin milimita 35 a bayan ƙofar, ga kuma gurbin gilashi da zai ci milimita 10. Wanda ya sirance firam ɗin zuwa 40 don gilashin ya fito sosai zai tarar babu inda hinjin zai zauna.

Kada a ɗauka duk ramukan kabad girmansu ɗaya. A auna kowanne daban, sama da ƙasa, a rubuta lamba a jikinsa da jikin ƙofarsa.

Kusurwa ce ƙarfin ƙofa

A ƙofar da tsakiyarta katako ne, allon na taimaka wa firam wajen tsayuwa. A mai gilashi kuwa kusurwoyi huɗun nan ne ke ɗauke da komai, har da nauyin gilashin. Aikin gaggawa da ake yawan gani, na kara katako biyu a shafa gam a buga ƙusa, ba ya daɗewa, domin ƙusa da gam ba sa kama bakin katako yadda suke kama gefensa. Bayan 'yan watanni sai ƙofar ta sunkuya ta ɓangaren mariƙi.

Haɗin da ya fi ƙarfi shi ne na harshe da rami. Ana fere ƙarshen na kwance ya zama harshe mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na katakon, da tsawon milimita 25 zuwa 30, a fafe masa rami daidai shi a jikin na tsaye. Harshen ya shiga da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan. Idan sai an dage da guduma zai fasa katakon, idan kuma yana lilo gam ba zai cece shi ba.

Mai ƙarancin kayan aiki na iya amfani da turakun katako masu kaurin milimita 8, biyu a kowace kusurwa, muddin ramukan sun yi daidai da juna kuma ba su faɗa inda za a yanke gurbin gilashi ba.

Akwai hanya ta uku da ta fi dacewa da mai yi a gida, wadda ba ta buƙatar komai sai zarto, gam da abin matsewa. Ana yin firam ɗin hawa biyu. Hawan gaba da katako mai kaurin milimita 8 da faɗin 60, hawan baya da mai kaurin 12 da faɗin 50. A hawan gaba na tsaye ne ke tafiya daga sama har ƙasa, a hawan baya kuma na kwance ne ke tafiya daga gefe zuwa gefe. Idan aka manna su, aka daidaita bakinsu na waje, kowace kusurwa ta zama saƙa, hawa ɗaya ya haye gaɓar ɗaya. Bugu da ƙari, bambancin milimita 10 da ke tsakanin faɗinsu ya samar da gurbin gilashi ta ciki ba tare da an taɓa inji ba.

Kowace hanya aka bi, a fara haɗawa babu gam a ga ko komai ya zauna. Bayan an shafa farin gam na katako an matse, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu. Idan awon biyu ya zo ɗaya, ƙofar ta miƙe. Idan ya bambanta, a gyara nan take kafin gam ya kama.

A yi wannan aiki a kan teburi ko daɓen da yake a shimfiɗe sosai, domin firam ɗin da aka manna a kan karkataccen wuri da karkatarsa zai bushe. A goge gam ɗin da ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba zai hana fenti kamawa. A bar shi ya kwana kafin a ci gaba.

Gurbin gilashi

Wasu kafintoci kan tsaga kwari a cikin katakon huɗu, su zura gilashin, sannan su manne firam ɗin a kansa. Yana da sauri kuma yana da tsafta a ido, amma ranar da gilashin ya fashe babu yadda za a sa wani sai an farfasa ƙofar.

Abin da ya fi shi ne a yanke gurbi kamar matakala a bakin firam ɗin ta baya, faɗinsa milimita 10, zurfinsa 12. Gilashin zai kwanta a ciki ta baya, leɓen da ya rage ta gaba ya tare shi. Ana yanke wannan gurbi da injin rauta bayan an haɗa firam, sai a gyara kusurwoyin da cizal domin injin a zagaye yake barin su. Wanda ba shi da injin zai iya kai firam ɗin wurin masu injin katako a kasuwa, aikin 'yan mintuna ne.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kada a yanko gilashi sai ƙofa ta kammala. A auna cikin gurbin, a rage milimita 3 a faɗi da 3 a tsayi. A misalin da ya gabata gurbin zai kasance 297 da 616, gilashin kuma 294 da 613. Wannan ɗan sarari shi ne numfashin katakon idan damina ta zo. Mafi kwanciyar hankali ma shi ne a ɗauki ƙofar a kai wa mai yankan gilashi, wanda galibi ake samu a shagunan masu aikin alminiyam, ya gwada a gaban mai ita.

Wane gilashi?

Nauyin gilashi kilo 2.5 ne a kowace murabba'in mita ga kowane milimita na kauri. Mai kaurin milimita 4, wanda shi ya fi dacewa da ƙofar kabad, kilo 10 ke nan a murabba'in mita, wato na misalin nan bai kai kilo 2 ba. Mai milimita 3 ya yi wa ƙananan ƙofofi, amma a babba yana da saurin fashewa. Mai 5 ko 6 kuma nauyi ne kawai zai ƙara wa hinji.

Gilashi na yau da kullum idan ya fashe dogayen tsini yake yi masu yanka kamar wuƙa. Akwai wanda ake gasawa a masana'anta a sanyaya shi da sauri, wanda 'yan kasuwa ke kira tamfad. Ƙarfinsa ya ninka na gama-gari kusan sau huɗu, kuma idan ya fashe rugurgujewa yake yi ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Sai dai ba ya yankuwa ko huduwa bayan an gasa shi, don haka dole a bayar da awo daidai tun farko a jira a kawo.

A gidan da ke da ƙananan yara, duk ƙofar da ke ƙasa da ƙugun babba bai kamata a sa mata gilashi na gama-gari ba. Ko dai a sa gasasshen, ko farar roba mai kama da gilashi da aka fi sani da Perspex, wadda nauyinta kusan rabin na gilashi ne kuma ba ta saurin fashewa, illa dai tana saurin ƙarcewa. Ko kuma a bar gilashi ga kabad ɗin sama kawai.

Sai batun abin da ake so a gani. Gilashi garau ya dace da inda aka jera tangaran da kofuna na baƙi. Inda ake ajiye robobin kayan miya da gwangwanaye kuwa, mai hazo ko mai layi-layi ya fi rufa asiri, yana barin haske ya shiga ba tare da ya tona abin da ke ciki ba. Idan gefe ɗaya ne mai kaushi, a juya shi ciki, domin maiƙon girki ya fi sauƙin gogewa a gefe mai santsi.

A roƙi mai yankan ya goge bakin gilashin. Yana rage yankan hannu, yana kuma kawar da ƙananan tsagu da fashewa kan faro daga gare su.

Fenti kafin gilashi

A goge firam ɗin da samfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, ana bin tsawon zanen katakon. Sannan a shafa fenti ko banish kafin a sa gilashi, har cikin gurbin.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ƙawata gaba a bar baya tsirara saboda ba a gani. Katakon da aka rufe fuskarsa ɗaya zai riƙa shan laima ta ɗayar, ɓangare ɗaya ya kumbura ɗaya bai kumbura ba, sai ya lanƙwashe. Yawan shafin da aka yi wa gaba shi za a yi wa baya da gefuna, musamman bakin katakon na sama da na ƙasa, inda ya fi saurin zuƙar ruwa.

Idan ya bushe, a kwantar da ƙofar a kan bargo fuskarta na ƙasa. A ɗiga silikon ƙanana a cikin gurbin, a kusurwoyi da tsakiyar kowane gefe, a kwantar da gilashin a hankali a tsakiya yadda sararin zai rabu daidai. Silikon ko ya bushe yana nan da taushi kamar roba, shi ya sa yake hana kaɗawa ba tare da ya ɗaure gilashin ba. Ɗigo ake so, ba a zagaye gurbin duka da shi ba.

Daga nan sai a tare gilashin ta baya da siraran katako huɗu masu kaurin milimita 8, a kafe su da ƙananan ƙusoshi. A fara huda musu rami don kada su tsage, a sa kwali a kan gilashin yadda guduma za ta riƙa zamewa a kansa, a kuma buga ƙusar ta nufi cikin firam, ba ta nufi gilashin ba. Kada a sa wa waɗannan sirara gam. Su ne ƙofar fita: ranar da gilashi ya fashe, a ɓamɓare su da cizal a sa sabo a mayar.

Rataya ƙofar

Hinjin ɓoye, irin wanda kamfanoni kamar Blum na Ostiriya da Hettich na Jamus suka yi suna a kansa, kuma ake samun ire-irensa masu sauƙin kuɗi a kasuwa, iri uku ne: na ƙofar da ke rufe gefen kabad gaba ɗaya, na ƙofofi biyu da ke raba katako ɗaya a tsakaninsu, da na ƙofar da ke shigewa cikin kabad. A tabbatar da wanda ake buƙata kafin a saya.

Raminsa faɗin milimita 35 ne, zurfin wajen 12, kuma ana barin milimita 3 zuwa 6 tsakaninsa da bakin ƙofar. A huda shi kafin a sa gilashi, da bakin huda mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, a fara gwadawa a jikin guntun katako don kada a ɓulla ta gaba. Hinji biyu sun ishi ƙofar da ba ta wuce santimita 90 ba, kowanne kimanin santimita 10 daga ƙarshe. Wadda ta fi haka tsayi a ba ta uku.

Amfanin wannan hinji shi ne ana iya saita shi da sukundireba, a matsar da ƙofar gefe, sama ko ƙasa, ciki ko waje. Idan yanayi ya juya ƙofa ta fara gogar 'yar'uwarta, juyi ɗaya ko biyu ya isa. Ga ƙofar gilashi, mai rufuwa a hankali ya cancanci ɗan ƙarin kuɗinsa, domin yawan bugawa na sassauta kusurwa. Ƙananan robobin da ake mannawa a kusurwar ciki su ma suna rage bugun.

Wurin da za a rataya ta ma abin dubawa ne. Kabad ɗin da ke saman murhu kai-tsaye na shan tururi da maiƙo da zafi kullum, gilashinsa ba zai taɓa zama garau ba, katakonsa kuma shi zai fara lalacewa.

Lafiyar mai aiki

Gilashi a tsaye ake ɗaukar sa, da safar hannu mai kauri, ba a kwance kamar faranti ba. A jingine shi a kan katako ko kwali, ba a kan siminti ba, kuma nesa da inda yara ke wasa.

Ƙurar katako ma ba abin rainawa ba ce. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke iya haddasa cutar ga ɗan Adam, musamman a hanci, ga masu shaƙar ta shekara da shekaru. Ƙurar loko an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuma gari ce mai laushi haɗe da sinadarin gam. A yi yanka da guga a fili, a rufe hanci da takunkumi mai kyau, a kare ido.

Ga wanda zai bayar da aikin

Ba kowa ke da lokaci ko hannun yin wannan aiki ba, kuma ba laifi ba ne a raba shi: masu inji su fere katakon su yanke gurbi, mai gilashi ya yanka, mai gida ya haɗa ya shafa fenti ya rataya.

Wanda kuma zai miƙa wa kafinta gaba ɗaya, tambayoyi biyar sun ishe shi gane irin aikin da za a yi masa. Yaushe aka sayo katakon, kuma ya bushe? Da me za a haɗa kusurwa? Idan gilashin ya fashe, za a iya sauya shi ba tare da an fasa ƙofar ba? An bar masa sarari a gurbinsa? Za a shafa wa bayan ƙofar abin da aka shafa wa gabanta?

Kafintan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, sai dai ya nemi ƙarin kwanaki da ɗan ƙarin kuɗi, kuma ya cancanci a ba shi. Masu haɗa kayan ɗakin amarya su ne suka fi faɗawa tarkon gaggawa, inda ake bayar da aiki saura mako biyu biki, a yi shi da ɗanyen katako, ya yi kyau ranar jere, kafin shekara ta zagayo ya zama abin gyara. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Bayar da aikin wata biyu ko uku kafin lokaci ba ya ƙara ko sisi a kan kuɗin, amma shi ke ba katakon damar bushewa a ƙasa maimakon a jikin bango.